Hannun Da Ban Sauke Ba a Bakin Potomac

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya san cikina duka bai kuma guje ni ba. Fasto, na gode. Zumuntar mata, na gode.

Sunana Ladi. Kun san fuskata, ba ku san muryata ba. Ni ce mai zama a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, jaka a cinya. Ni ce idan an raba abinci bayan sujada nake cewa na ƙoshi. Ban ƙoshi ba. Ban yarda da ku ba ne.

I, ku nake nufi. Har ke, Mama Rifkatu, da kike bi na da faranti.

Ban yi makaranta ba, ban kuma iya doguwar magana ba. Zan faɗi abin da ya faru in zauna.

Ni 'yar Filato ce. Akwai wani mutum da yake zuwa ƙauyenmu sayen dankali. Mai fara'a ne. Ya sha ruwa a gidana. Yakan tambaya, wancan gidan wa ne, maza nawa ne a ciki, wace hanya ce ke fita ta bayan dutse. Muna ba shi amsa muna dariya. Ranar da mahara suka shigo mana, na gan shi a gaba yana nuna gidaje da hannu. Mijina bai fita ba. Ni na fita. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Tun daga ranar, duk mai fara'a ina jiran in ga abin da ya ɓoye. 'Yata Rahila nas ce, ita ta kawo ni nan Lanham, a Amurka. Idan maƙwabci ya gaishe ni, sai in ce me yake ƙirgawa. Hawan jini ya kama ni. Rahila ta ce, "Mama, magani ba ya kama ki, domin ba kya sauka daga gadi." Na ce gadin ne ya bar mata uwa.

Zaman gida ya ishe ni, sai ta samo mini aiki a wata matsayar jiragen ruwa a bakin kogin Potomac. An sa ni a rumfar rigunan ruwa, waɗanda ke hana mutum nutsewa. In ba mutum, in karɓa, in wanke, in shanya. Aikin ba ya bukatar Turanci. Babba ko ƙarama, shi ke nan.

Mutane iri biyu ne a ruwan nan. Akwai masu jirage masu dogon ƙyalle, iska ce ke tura su. Akwai kuma masu katako. Faffaɗan katako ne, an kafa masa sanda da ƙyalle, mutum ya tsaya a kai shi kaɗai iska na figar shi. Dukansu ta ƙofa ɗaya matsattsiya suke fita kogi. Ranar Asabar idan iska ta yi kyau, sai ka ce tashar mota ranar kasuwa. Masu katako su ne 'yan acaba, suna kurɗawa tsakanin manya. Masu jirage suna zaginsu, su kuma suna cewa masu jirage sun ɗauka ubansu ne ya haƙa kogin. Ba mai yarda da wani. Wurin ya yi mini daidai.

Ranar da na fara aiki, Kofi ya koya mini doka ɗaya. Kofi ɗan Ghana ne, shi ke tuƙa kwalekwalen ceto mai inji, yana jin Hausar zango. Ya rataya mini usur a wuya ya ce, "Mma Ladi, idan kin ga mutum ya faɗi bai tashi ba, ki busa, ki nuna shi da hannu. Kada ki sauke hannun. Kada ki ɗauke ido, ko wa ya kira ki. Ni daga cikin kwalekwale ba na ganin kan mutum a ruwa. Hannunki nake bi."

Na ce na ji. A raina na ce, ni ba na nuna mutum da hannu. Na san abin da nuni yake yi.

Wata rana ina wanke wata riga ina mita da Hausa, sai na ji murya a bayana. "Sannu da aiki, Mama! Ashe 'yar gida ce!"

Na juya. Dattijo ne mai furfura a gemu, cikin baƙar rigar roba, katako a hammata. Bakano, daga jin bakinsa. Sai fara'a yake yi. Ya ce sunansa Sani, injiniya ne, yana zaune a Greenbelt, nan kusa da mu.

"Daga ina a gida, Mama? Wane gari? Da wa kike zaune a nan?"

'Yan'uwa! Na san tambayoyin nan!

Na ce, "Babba ko ƙarama?"

Ya yi dariya ya karɓi babba.

Masu katako suna da wata al'ada. Ba sa shiga ruwa da makullin mota. Akwai ƙusoshi a bangon rumfata, kowa ya rataya nasa ya tafi. Shi wannan bai rataya ba. Ya miƙo mini a hannu ya ce, "A wurinki ya fi, Mama." Na ce to, ga tarkon. Ko akwai wani abu a motar, ko zai dawo ya ce an yi masa sata ya kira 'yan sanda. Ban taɓa makullin da yatsa ba. Na buɗe leda ya jefa a ciki. Haka muka riƙa yi duk zuwansa.

Ya taɓa kawo mini kilishi, wai tsarabar gida. Na ba Kofi, na tsaya ina kallonsa. Kofi ya cinye ya lashe yatsu. Bai mutu ba. Na ce wataƙila guba ce mai aiki a hankali.

Kuma duk lokacin da mutumin nan yake kan ruwa, idona na kansa. Ƙyallensa ruwan ɗorawa ne da baƙin layi. Na san inda yake juyawa. Na san wanda yake ɗaga wa hannu. Masu katako faɗuwa ce rabin wasansu, ba wanda yake damuwa idan sun faɗi. Shi idan ya faɗi, nan take zai ɗago kai, ya girgiza gemu, ya haye ya ja igiya. Ba don ƙauna na san haka ba. Ina gadi ne.

Sai wata Asabar a ƙarshen zafi, masu jirage suna tsere. Iska ta yi ƙarfi. Ya zo ya jefa makulli a leda ya ce, "Mama, maiɗakina tana gaishe ki. Ta ce a tambaye ki wace unguwa kike, za ta kawo miki tuwo."

Unguwa! Yanzu kuma gidana suke nema.

Na ce, "Ba ni da unguwa."

Ya ce, "Allah Ya ba ki haƙuri," ya tafi.

Jirage sun cika ƙofar fita. Na gan shi ya shiga tsakaninsu. Wani jirgi ya juyo da gudu, ƙyallensa ya tare wa matuƙin gani. Gefen jirgin ya buge shi. Jirgin ya wuce, mutanen ciki ba su ma waiwaya ba. Ƙyalle mai ruwan ɗorawa ya kwanta a kan ruwa.

Na jira gemun ya ɗago. Bai ɗago ba.

Ba wanda ya kula. A wurinsu wani mai katako ne ya faɗi, kamar kullum. Ni kaɗai na san wannan ba faɗuwarsa ba ce.

Zan faɗa muku gaskiya a gaban Allah. Usur yana wuyana, ban busa ba. Wata murya ta ce mini, ba ruwanki. Yau zai daina tambaya. Ba ke kika buge shi ba. Na tsaya da ledar makullinsa a hannu.

Ni ba mai doguwar addu'a ba ce. Na ce, "Yesu, ban yarda da mutumin nan ba. Amma kai na yarda da kai. Ka ɗaga mini hannun nan."

Ya ɗaga! 'Yan'uwa, ya ɗaga!

Na busa usur har kunnena ya toshe. Kofi ya tada inji. Na nuna wurin. Wani mutum ya zo yana mini Turanci yana son riga, ban kalle shi ba. Shugabar wurin tana kiran sunana, ban juya ba. Wani babban farin jirgi ya gitta ya rufe mini wurin gaba ɗaya. Ba na ganin ƙyalle, ba na ganin komai. Na bar hannun inda yake. Kafaɗata kamar ana ɗaye ta.

Kofi ya zarce wurin. Na ga ya waiwayo ya dubi hannuna. Ya juya kwalekwale ya bi layin. Ya ɗaga ƙyallen. Mutumin yana ƙasa, igiyar da ya ɗaura a ƙugu ta maƙale da sandar, jini a kansa. Kofi ya jawo shi ciki.

Sai a lokacin na sauke hannu. Na zauna a ƙasa.

Da suka iso gaɓa ya yi aman ruwa, ya yi tari. Yana numfashi. Yabo ga Ubangiji! Motar asibiti ta tafi da shi. Kofi ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, "Ei, Mma Ladi, ta yaya kika gani cikin taron nan?" Na ce ina kallonsa ne. Ya ce me ya sa. Na ce ya je ya wanke kwalekwalensa.

Washegari matarsa, Hajiya Binta, ta zo ɗaukar mota. Na fitar da makullin daga leda na ba ta da hannuna. Ta rungume ni tana kuka. Na tsaya kamar icce. Da ta share hawaye ta ce, "Mama, don Allah wace unguwa kike?"

Na buɗe baki in ce ba ni da unguwa. Sai na ji na faɗi sunan titi, na faɗi lambar ƙofa. Tun barina ƙauye ban taɓa faɗa wa baƙo inda nake kwana ba.

Da aka sallame shi suka zo, da tuwo da miyar kuka. Ba zan yi ƙarya ba, na jira suka fara ci. Amma na ci. Injiniya, kansa a ɗaure, ya ce, "Mama, Kofi ya ce dama kullum kina kallona." Na ce, "I. Na ɗauka ɗan leƙen asiri ne kai." Ya yi dariya har ya dafe ɗinkin. Ya ce, "To, Alhamdu lillahi da wannan zargi." Na ce, "Me ya sa kake yawan tambaya?" Ya ce, "Mama, a duk kogin nan wa zan yi wa Hausa? Hausar Kofi ciwon kai take sa ni."

Shi ke nan abin da ya ɓoye. Kewar gida.

Kada ku ce na zama wata sabuwa gaba ɗaya. Har yanzu ina kulle ƙofa in koma in duba. Mugaye suna nan, na gan su da idona. Amma Rahila ta auna jinina ta ce ya sauka. Kuma idon da na yi shekaru ina neman maƙiyi da shi, da shi Allah Ya ceci mutum. Ni ma a ranar aka ciro ni.

Ina gode wa Yesu. Idan akwai wanda ke nan da irin ciwona, ban ce ka yarda da kowa yau ba. Ka yarda da Shi tukuna. Ka faɗa Masa gaskiya ko ba ta da kyau, kamar yadda na faɗa. Zai ɗaga abin da ka kasa ɗagawa.

Na gama. Mama Rifkatu, na ji ƙamshin gwate tun daga ƙofa. Yau ki zuba mini.