Ya Ce Musu Gidansa Nakkasa

Bismillahi. Malam Liman, dattawanmu, uwargidan marigayi Hajiya Rakiya da 'yarki Maryama da sauran mata masu jinmu ta bayan labule, jikoki, da baƙonmu Abdulilah wanda za ku san shi nan gaba kaɗan: assalamu alaikum. Azzamallahu ajrakum, Allah ya girmama ladanku.

An ce ni Wada in yi magana, wai tare muka tashi da Sabo. Gaskiyar ita ce babu wani sa'anmu da ya rage. Da muna unguwarmu Nakkasa, layinmu kaɗai zai fitar da dattawan da suka fi ni baki.

Ya kasance mutum mai taurin kai, ba zan fasa faɗa don ya mutu ba. Da aka rushe unguwarmu kowa ya kama gabansa, wasu Shisha, wasu Zahir, wasu Jidda. Maryama ta ɗauke uwarta, mijinta ya ce Baba ma ya zo, ga ɗaki. Sabo ya ce, "Ni in kwana gidan suruki? In yi tari ya ji, in shiga bayi ya ji? Abadan!" Sai ya sayi wata tsohuwar bas, ya ciccire kujerun, ya shimfiɗa katifa, ya ɗaura risho da tulun ruwa, ya ce ga gida. Mun yi masa dariya. Ni na fi kowa, na ce dattijon banza ya koma kunkuru.

Ya kasance, da wannan motar, shi ne ƙafarmu. Kukar Hajiya Rakiya da daddawarta shi yake kai wa matan Zahir. Goron aure shi yake rabawa. In an yi rashi kuwa, ba ya yarda a faɗa a jawwal, wato wayar hannu. Yakan ce mutuwa ba saƙon waya ba ce, sai an yi sallama, an zauna, an sha ruwa. Wa ke nan da Sabo bai taɓa buga masa ƙofa da irin wannan labari ba?

Ya kasance in ka tambaye shi ina gida, sai ya ce Nakkasa. Na ce masa, "Ya shaihu, halas, ta ƙare, an share wurin." Ya ce, "Sun share nasu."

To, ga yadda ya ƙare. Yana dawowa daga Jidda ta tsohuwar hanya, da azahar, motar ta mutu. Ya fito ya tsaya kan injin cikin wannan rana, har jiri ya kwashe shi. Motoci suna ta wucewa. Abdulilah, direban tirela, bai san shi ba, ba ya jin Hausa ko kalma, shi ya tsaya. Ya cire shimaginsa, mayafin kansa, ya jiƙa ya ɗora masa. Wata mata mai suna Asma ta sa mijinta ya tsaya, ta riƙe masa lema tana ɗiga masa ruwa a baki. Wasu leburori suka tura motar gefe, suka kulle ta don kada a taɓa kayansa. Abdulilah ya ce, "Ya ammi, fen betak?" Wato, baffa, ina gidanka? Sabo ya ce, "Nakkasa." Bai ƙara wata magana ba sai shahada, kafin su kai asibiti ya cika.

Bawan Allahn nan ya ajiye aikinsa ya tafi Nakkasa neman iyalin mamaci. Ya tarar da fili da tarin ƙasa. Ya tambayi mai gadi, mai gadi ya ce babu kowa a nan.

Mu kuma fa? Hajiya na zaton yana Jidda. Na Jidda na zaton yana Zahir. Ni na ce yana can gindin wata gada yana dafa shayi. Sabo na kwance a firjin asibiti, mu muna cin tuwo. Ba wanda ya zo ya faɗa mana, domin mai faɗar ne ya mutu.

Da Abdulilah ya koma wurin motar ya ga ƙullin kuka da yaji, ya gane kayan mutanenmu ne, sai ya bi masu tsire ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu hoton bas ɗin, har ya faɗo kan wanda ya gane ta a Zahir. Haka labari ya iso mu, ta bakin baƙo. Ranar jana'iza ma da shi da leburorin nan aka cika masu ɗaukar makara, mu kaɗai ba mu isa ba.

Hajiya Rakiya, ki yi haƙuri, ki daina cewa da kin sani. Bai mutu a wulaƙance ba, an riƙe masa kai, an ba shi ruwa. Maryama, ki gaya wa mijinki ba laifinsa ba ne, ubanki kunya ce ta hana shi. Muhannad, Rawan, jikokin Sabo, na ga ana fassara muku abin da nake cewa. Ba komai, jikokina ma haka suke.

Motar tana nan waje, Abdulilah ya sa an jawo ta, an gyara. Ga makullin a hannuna. Tun la'asar nake yawo da shi, na miƙa wa samari, kowa ya ce yana da dawam, aiki ba zai bari ba. Ban ga laifinku ba. Ni idona ya mutu, ba na tuƙi. Zan ajiye shi nan kan tabarma, amma ban sa rai ba. Ina jin wannan ne taro na ƙarshe da za mu cika ɗaki, kuma mai tara mu ne ya tara mu.

Abdulilah, ba mu da abin ba ka. Jazakallahu hairan, kai da Asma da mijinta da waɗanda ba mu san sunansu ba. Mun gode wa duk wanda ya tako.

Allah ka jiƙan Sabo, ka ba shi gidan da ba a rushewa. Mu kuma in tamu ta same mu a hanya, Allah ka turo mana mai tsayawa, ka sa in ya tambaye mu ina gida, mu sami inda za mu ce. Fatiha.