Saniyata ta ƙi ɗanta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Bukar Tela daga Dogo Nini, Potiskum.

Marigayiya matata Falmata ce ta san shanu. Kullum takan ce, "Malam, ƙugu ake dubawa, ba ƙaho ba." Bayan rasuwarta gidan ya yi mini faɗi, sai na sayo karsana mai ciki don in riƙa jin motsi. Ƙahonta ya ruɗe ni, na manta ƙugun.

Ranar haihuwarta ta wuni tana naƙuda, sai da igiya muka jawo maraƙin. Tun daga nan ta ƙi shi, ko dakashi, wato nonon farko, bai samu ba. Maƙwabta suka ce in shafa masa gishiri ta lashe, za ta karɓe shi. Ta lashe gishirin tas, ta juya masa baya!

Yau watansa biyar, sa'anninsa sun ninka shi. Bakin keken ɗinkina yake kwanciya, tare muke jin shirin nan.

Jama'a, zai yi girma kuwa? Wanda ya sani ya rubuto. Ko ba magani, ku dai ambaci sunana. An daɗe ba a kira shi a gidan nan ba.