Gurbi Ɗaya a Benci

A ɗakin jiran likita a Saratov gurbi ɗaya ya rage a benci, ga tsofaffi biyu tsaye, kowa da lambobin Yaƙin Duniya a ƙirji. Yefim ya ƙudura ba zai zauna ba, kuma ba mai jin dalili.

"Zauna, ɗan'uwa," in ji shi. "A ina ka yi naka?"

"Kursk. Kai fa?"

"Stalingrad."

"Ashe kai ne babba! Zauna."

"Wane ni! Mu a rami muka laɓe, ku kuka tari tankoki."

"Ku kuka karya lagon Jamus. Zauna, kada ka kunyata ni."

Wata tsohuwa ta gaji. "Wanda ya fi rauni ya zauna mana. Ku nuna!"

Yefim ya dubi rufi. "Nawa ba ya nunuwa gaban mata, 'yar'uwa."

Mutumin Kursk ya matso, ya rage murya. "Mazaunai? Dama ko hagu?"

"Hagu. Juyawa na yi in kira sauran."

"Nawa dama. Ni ma kiran sauran na juya yi."

"To ka gani," in ji Yefim, "da za a haɗa ni da kai, da an samu mai zama ɗaya."