Awa Casa'in da Biyar na Kaka Muriel

Mai girma shugaban Ƙungiyar Mazauna Unguwar Holmcroft, Mista Desmond Ackroyd, mai girma kansilarmu, Madam Glenys Barraclough, Rabaran Alwyn Sugden, wanda ya ba mu aron wannan zaure da kujerunsa, iyayenmu da suka ƙare ƙuruciyarsu a masaƙa, 'yan'uwana matasa, da ku da kuke tsaye a baya kusa da tulun shayi, ina yi muku barka da yini.

Sunana Callum Firth. Wata goma sha shida ke nan da na kammala karatun akanta, kuma wannan shi ne jawabi na farko da na taɓa yi a gaban jama'a masu yawa haka. Ina godiya ga kwamiti da ya amince wa yaro da takardun dattawa, ina godiya ga gidaje ɗari da arba'in da ɗaya da suka buɗe min ƙofa.

Abu na farko shi ne yadda maganar ta samo asali. A watan Janairun bara na kai wa kakata Muriel ziyara, na same ta a falo sanye da babbar rigar sanyi da hula, hitar ɗumama ɗaki a kashe. Na auna ɗakin: digiri goma sha uku. Likita ya riga ya gargaɗe ta cewa ƙirjinta ba zai ƙara jure irin wannan sanyin ba. Na ɗauka rashi ne, sai na duba takardar gas da lantarki. Kamar yadda kuka sani, kamfani yana cire adadi ɗaya daga banki kowane wata, a sha da yawa ko a sha kaɗan. Rarar kuɗin Kaka da ke hannunsu ta kai fam ɗari tara da hamsin.

Na ce, “Kaka, kina da kuɗi, ki kunna hita mana.”

Ta ce, “Kai Akawu, wannan kuɗin sanyi ne, ba a taɓa shi.”

Na ce, “Ai yanzu ake sanyin.”

Ta ce, “Wannan ne sanyi? Ba ka ga sanyi ba tukuna.”

Abu na biyu shi ne kuskurena, kuma zan faɗe shi da bakina kafin Mista Illingworth na gida mai lamba tara ya riga ni. Da na tattara takardun unguwa, na tarar a ƙarshen Satumba kuɗinmu da ke kwance a hannun kamfanoni sun kai fam dubu sittin da ɗaya da ɗari biyu da takwas, ba tare da an biya kowa ko peni ɗaya na kuɗin ruwa ba. Na lissafa sau uku don kada in yi wa kowa ƙarya. Sai na buga fom ɗari da arba'in da ɗaya na neman a dawo wa kowa da kuɗinsa, na bi gida-gida na raba. Tara suka dawo. Daga cikin taran, ɗaya an rubuta ƙwai da burodi da man shanu a bayansa.

Na je wurin Mista Illingworth ina tambayar laifina. Ya ce, “Ɗan Firth, digirinka bai gaya maka yadda uwata take sayen kwal ba? Tun da zafi take kai wa mai kwal kuɗi kowace Juma'a. Kafin Oktoba ta gama biya. Sai ta wuce ta gaban keken dokinsa kanta a sama. Kai kuma ka zo ka ce in je in karɓo, in zama wanda ake bi?”

A ranar na gane abin da lissafi bai nuna min ba. Ni kuɗi na gani sun kwanta, su kuwa mutuncinsu suka ajiye. Mutanen da suka ga an rufe masaƙa, suka ga an rufe kantin haɗin gwiwa, suka ga maƙwabta suna ɓuya in mai karɓar bashi ya ƙwanƙwasa, ba za a raba su da wannan ajiya da fom ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na ce, tunda ba za ku ɗauko kuɗin ba, to kada su zauna a can kyauta.

Abu na uku shi ne abin da muka yi tare. Gidaje ɗari da arba'in da ɗaya suka sa hannu cewa za su koma duk kamfanin da zai biya kuɗin ruwa a kan rarar da yake riƙe da ita. Mun rubuta wa kamfanoni goma sha ɗaya. Uku suka amsa. Ɗaya ya aiko wakili. Na shirya masa bayani shafi goma sha huɗu, na tsaya a wancan lungun ina karantawa. Ina shafi na shida ya fara duba agogo.

Sai Kaka ta ɗaga sandarta ta ce, “Akawu, zauna ka sha ruwa.” Ta juya ga baƙon ta ce, “Ɗana, in na ba ka ajiyar kaza shekara guda, ƙwan na wa ne?”

Ya yi dariya ya ce, “Naki ne, Mama.”

Ta ce, “To rubuta.”

Bayan mako biyar wasiƙa ta zo: uku bisa ɗari a shekara. Domin gaskiya, abin da Kaka ta faɗa shi ne a shafi na goma sha ɗaya na bayanina, ban dai kai can ba.

Jama'a, ba zan ƙara gishiri ba. Tunda rarar takan ragu da sanyi, abin da unguwa ta samu a shekarar farko fam dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in ne. Ba dukiya ba ce. Amma da ba mu haɗa kai ba, da ko wasiƙa ba za a amsa mana ba. Da ba mu haɗa kai ba, da wakili bai taka wannan zaure ba. Da ba mu haɗa kai ba, da har yau ƙwanmu wani yake soyawa. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, kuma Holmcroft ta nuna ta san ɗauri.

Saura abin da ya fi damuna tun farko. Rabon Kaka fam ashirin da takwas da peni hamsin ne. Na kai mata takardar, har lokacin hitar a kashe take. Ta sa tabarau ta karanta, ta ce, “Wannan daga cikin nawa aka cire?”

Na ce, “A'a, naki yana nan cif. Wannan daga aljihunsu ya fito.”

Ta ce, “Nasu? To nawa hitar nan take ci?”

Na ce, “Peni talatin a awa. Awa casa'in da biyar ke nan. In awa ɗaya a rana, daga ɗaya ga Disamba zuwa biyar ga Maris.”

Ta miƙe da kanta ta murza makunnin. Ta ce, “Nawa ba na ƙonawa. Nasu kuwa, bari in ji ɗuminsa.”

Jiya na sake auna falon: digiri goma sha tara. Kuma tunda ni mai ƙirga ne, sai in shaida muku cewa hitar takan yi awa huɗu a kunne kowace rana. Na yi niyyar gaya mata cewa kuɗin kamfanin sun ƙare tun kafin Kirsimeti. Ina roƙon wannan taro, da kwamiti, da Rabaran, kada wanda ya gyara mata wannan lissafin. Tana can tana jin rediyo, ta ce ta riga ta ji isasshen jawabina.

Allah ya ja da ran dattawanmu, ya ɗumama ɗakunansu. Allah ya ƙara haɗa kan wannan unguwa, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa ya tarar da shi da ɗumi.

Na gode.