Gungumen Ƙofa na Uku

A tashar jirgin ruwa ta Rybinsk, tsofaffi biyu na jiran jirgin da ke kai mutane zuba furanni a saman Mologa, garinsu da ruwan madatsa ya shanye shekara hamsin baya.

"Baiwar Allah, ke ma 'yar Mologa ce?" in ji dattijon.

"Haifaffiya ma. Ka tuna ciyawar fadamarmu? Shanu su ci, mansu ya fito kamar gwaiduwar ƙwai."

"Sosai. Mu kam gidanmu bai nutse ba. Babana ya wargaza shi, ya sa wa kowane gungume lamba, muka ɗaure su muka biyo kogi."

"Kowa haka ya yi, daina cika baki. Namu gungumen bakin ƙofa ya kuɓuce a hanya. Har babana ya rasu yana cigiyarsa."

"Ikon Allah! Mu kuma da muka zo harhaɗawa, sai ga na ƙofa har uku. Muka kafa baƙon a ɗakin girki. Duk tsagar wuƙa ce a jikinsa, irin ta awon tsayin yaro."

Tsohuwar ta matso kusa da shi. "Da suna?"

"Zoya. Matata ta sha ɗauko fenti, ina hana ta."

"Tsaga nawa?"

"Shida."

"Bakwai ne, tsoho, ka nemi tabarau. Ta ƙarshen ranar tashinmu aka yi ta, babana bai zurfafa ta ba."

Jirgin ya yi busa. Ta miƙa wa wata mata furanninta.

"Zuba mini, 'yar nan. Kai kuma tashi, mu je in ga ko na ƙara tsawo."