Shafin da Ya Tura Mu Wurin Mamaci

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sale mai rake daga Malikanchi.

'Yata Habiba ta samu gurbi a jami'a, aka ce ta duba shafin sashensu a intanet don sanin ranar tantancewa. Malam, abin da ya fara buɗewa ƙaton hoton shugaban sashe ne, ya sha babbar riga, ya cinye mana data. Ƙarƙashinsa jawabi kamar huɗuba. Can ƙasa muka tsinci ranar, da sunan malamin da za a gani.

Na bar masu saran rake a gona, muka yi sammako zuwa jami'ar a ranar da shafin ya ce. Da na ambaci sunan malamin a ofis, sai sakatariya ta ce, "Allah ya jiƙansa, Baba. Ya shekara biyu da rasuwa. Tantancewa kuma an gama makon jiya, ai mun liƙa a allo."

A allo! Daga Malikanchi zan hango allonku? Wai masu digiri ke nan. Ko mai tallan mazarƙwaila ba ya kiran farashin bara. Ku sa abin da ɗalibi ke nema a sama, ku riƙa sabuntawa, ku ajiye lambar wayar da ake ɗauka.

Malam, ina Habiba za ta nufa yanzu? Ina gaida abokaina na Kudan. Kai kuma shugaban sashe, rigarka ta yi kyau.