Randa a Saman Bene

Shekarun da na yi a Legas, kun sare tsamiyar bakin masallaci kun kafa shagon cajin waya a wurin. Gonarmu ta bayan dutse ba mai zuwa, sai dai a nuna ta da baki. Kasuwar Yankara da muke kaiwa magariba, yanzu la'asar kowa ya naɗe. Ku kuma da na bari kuna yawo ba wando, yau kun zagaye ni da gashin baki kuna tambaya wai ko Legas da daɗi. To ku rufe mini baki ku ji.

Da kuɗin tunkiyar Inna na tafi. Na yi dakon albasa a kasuwar gwari, ina kwana a kan buhuna, har Allah ya sa na kama ɗaki a saman bene. Sunansa wai "selkon". Kar sunan ya ruɗe ku, ɗaki ne da masai a manne, kana cin abinci kana kallon ƙofarsa. Ƙasa tayil, santsi kamar bayan tarwaɗa. Bango fari fat kamar asibiti. Ruwan sha kuma a leda, da ɗumi, da warin roba.

Mai gidan wata tsohuwa ce da ake ce wa Mama, falonta daidai ƙarƙashin ɗakina. Mai kula mata da gidan kuwa Sale ne, ɗan garin Sabuwa, wanda ya riga ni zuwa, har ya daina amsa sunansa sai ka ce "keyateka". Ka yi masa Hausa ya mayar maka da Turancin buroka, shi da ya girma yana koran tsuntsu a gonar dawa.

Na ce ba zan zauna kamar majinyaci ba. Na shimfiɗa tabarmar kaba da buzu, na rataye zangarniyar dawa a ƙusa. Sannan na roƙi wani direba ya ɗoro mini randa daga Ƙanƙara a saman kaya. Kun san ba a girke randa a ƙasa tsirara. Na ɗebo yashi wurin magina, na tara mata a gindi, ina yayyafa masa ruwa safe da yamma yadda Inna take yi. Ruwan nan sanyi har haƙori, ga ƙamshin ƙasa. 'Yan garinmu suka mayar da ɗakin majalisa, a sha, a miƙe ƙafa, a yi zancen damina. Sale ma yana zuwa, ya kafa kai a moɗa sai ya ga ƙarshenta.

Ashe ruwan yayyafin yana bin tsagar tayil yana sauka. Wata ranar Lahadi, Mama na da baƙi, silin ɗin falonta, wai shi "fi'ofi", ya ɓallo ya faɗo a kan talabijin.

Ta hawo tana haki, Sale na biye. Ta nuna tulin yashi da zangarniya ta tambaye shi mene ne wannan. Sai ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba, kila tsafi ne, dama ya daɗe bai yarda da ni ba.

Na ce, "Sale, a cikin me uwarka take zuba ruwa?"

Ya ce, "Ni keyateka ne, ka iya bakinka."

Mama ma ta fi shi mutunci. Ta ce ta san randa, a ƙauyensu akwai, amma ba ta taɓa ganin mahaukacin da ya jiƙa yashi a saman bene ba. Ta ce in kwashe kayana. Ina naɗe tabarma na ji ƙara: Sale ya gangara randar a matakala, wai yana taya ni sauke kaya. Sai da 'yan dako suka ɓamɓare hannuna daga wuyansa.

Har gobe ban ga laifina ba. Ginin da ba zai riƙe ruwan yayyafi ba, gini ne?

Da na dawo gida neman wata randar, Inna ta ce in tsaya a yanke dawa. Na ce a'a, direban nan ya samo mini ɗaki a ƙasa, layi ɗaya da gidan Mama, inda Sale zai riƙa wuce ƙofata kullum da ƙishirwarsa. Ku tashi ku kama mini sabuwar randar nan, mai mashin yana jira. Ku tallafe ta ta gindi. Wanda ya sake ta, zai ji abin da Sale ya ji.